Na Yi Wata 7 Ina Gudun Ganye

Ina tsaye a kicin ina yanka alayyahu wayata ta yi ƙara. Lambar asibiti ce. Da safiyar ranar aka ɗebi jinina kamar yadda ake yi duk bayan wata 3, kuma a al'ada sai ranar ganin likita nake jin sakamako. Wata ma'aikaciyar jinya ce. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Mama, kina ina yanzu? Akwai wanda zai kawo ki? Kada ki tuƙo mota da kanki." Na ce mata ni lafiyata ƙalau, girki ma nake yi. Ta ce, "Ki kashe wutar ki taho. Fotasiyam ɗinki ya kai 6.7."

Shekara 28 na yi ina koyar da lissafi, amma a ranar ban san ko 6.7 abu ne mai yawa ko kaɗan ba. Har na tsaya rufe tukwane, na canza mayafi. 'Yata ce ta duba a wayarta, sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Umma, don Allah bar tukunyar nan mu tafi."

Hawan jini ne ya kawo ni ga ciwon ƙoda. Tun haihuwar autana nake da shi, kuma ba zan ɓoye ba, na yi shekaru ina wasa da magani: in na ji kaina na ciwo in sha, in na ji garau in ajiye. Lokacin da aka gano ƙodata ta taɓu, ma'aunin tacewarta, wanda likitoci ke rubutawa eGFR, yana 41. Mataki na 3 ke nan. A hankali ya riƙa sauka har ya kai 26, wato na shiga mataki na 4, wanda ke tsakanin 15 da 29. Ƙasa da 15 ne ake kaiwa ga wankin ƙoda ko dashe. Duk tsawon wannan lokaci abin da na riƙe shi ne gishiri. A rage gishiri, a rage gishiri. Kalmar fotasiyam, wani sinadari da ke cikin abinci da jinin mutum, ina ganinta a takardar gwaji, amma idona kan tsallake ta ya tafi kan lambar ƙoda.

A asibitin suka kwantar da ni, suka manna mini wayoyi a ƙirji don auna bugun zuciya. Likitan da ke aiki a daren, yaro ne da na haifi kamarsa, ya nuna mini takardar da na'urar ta fitar. Ya ɗora yatsa a kan wani zane da ya yi tsini sama kamar tanti, ya ce a mai lafiya wannan wurin tudu ne mai kwanciya. Ya tambaye ni ko na ji wani abu a jikina kwanakin nan. Sai a lokacin na tuna kwana biyu ƙafafuna sun yi mini nauyi in ina hawa bene, leɓuna kuma suna ɗan yi mini zir-zir. Na ɗauka gajiya ce. Ya ce ni ma na yi sa'a da na ji wani abu, da yawa ba sa jin komai sai zuciya ta rikice.

Aka yi mini allurar kalsiyam ta jijiya. Aka sa mini insulin haɗe da ruwan suga, ni da ba ni da ciwon suga, har na yi musu gardama a kan sun yi kuskure. Aka ɗora mini abin shaƙa irin na masu asma. Washegari, da hankalina ya dawo jikina, na sa likitan ya yi mini bayani, kuma malamar makaranta ba ta barin bayani rabi da rabi. Ya ce kusan kashi 98 cikin 100 na fotasiyam ɗin jikin mutum yana cikin ƙwayoyin halitta ne, ɗan abin da ya rage ne ke yawo a jini, kuma bambancin da ke tsakanin na ciki da na waje shi ne ke ba tsoka da zuciya lantarkin da suke aiki da shi. A jini ana son ya tsaya tsakanin 3.5 da 5.0. In ya haura 6.0 an shiga haɗari. Kalsiyam ɗin da aka ba ni bai rage shi ko kaɗan ba, zuciya kawai ya tsare. Insulin da abin shaƙar sun tura shi cikin ƙwayoyin halitta na 'yan awanni. Fitar da shi daga jiki aikin ƙoda ne, ita ke fitar da kusan kashi 90 cikin 100, hanji ya fitar da sauran. Tawa ƙodar kuwa ta gaji. Shi ya sa suka haɗa mini da wani garin magani da ake damawa a ruwa, wanda ke kama fotasiyam a hanji ya fita da shi ta bayan gida.

Da aka bi diddigi, an samu abubuwa uku. Na farko lisinopril, maganin hawan jinin da nake sha, wanda a ɗabi'arsa yana sa ƙoda ta riƙe fotasiyam. Na biyu diclofenac, da na yi mako 3 ina sha saboda gwiwa ba tare da na gaya wa kowa ba. Na uku shi ne wanda ya fi ba ni kunya. Wata 'yar'uwata, da zuciya ɗaya, ta koya mini markaɗa ɗanyen alayyahu da karas da ayaba a sha kofi guda kullum da safe, wai yana wanke ƙoda. Na yi wata biyu ina sha, ina jin kaina a cikin masu kula da lafiya.

Bayan kwana 3 aka sallame ni da wata takarda mai layi biyu. Layin dama abin da zan iya ci, layin hagu abin da zan guje wa. A hagu akwai dankali, tumatir, alayyahu, kabewa, wake, ayaba, lemu, fiya. Na manna ta a jikin firiji.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ban tsaya a layin hagu ba. Na ce a raina, in alayyahu zai iya kai ni bakin kabari, me ya raba shi da kabeji? Duk ganye ne. Na daina cin duk wani abu kore. Na daina albasa. 'Ya'yan itace kuwa ko kallonsu ba na yi. Abincina ya koma farar shinkafa, burodi, taliya, ƙwai, sai naman gwangwani da tsiran leda da nake sayowa don in samu abin da zai ba bakina ɗanɗano. In an zuba wa mutanen gida abinci da ganye a kai, in ɗauki farantina in koma ɗaki. Maigidana ya yi magana har ya gaji. Ya ce, "Ai takardar ba ta ce haka ba." Na ce masa shi ba a manna masa wayoyi a ƙirji ba.

Wata 7 na yi a haka. Na rame, zanina ya riƙa zamewa. Abin da ya fi damuna, wanda ban iya gaya wa kowa ba, shi ne taurin bayan gida. Sai in yi kwana 3, wani lokaci 4, ban zaga ba. Amma ina haƙuri, ina ganin kuɗin tsira ne nake biya.

A cikin watannin nan sakamakona bai taɓa yin kyau sosai ba, yana yawo tsakanin 5.3 da 5.5, ni kuma duk lokacin da na ga haka sai in ƙara tsananta wa kaina. Rannan ya fito 5.9. A gaban likita na fashe da kuka. Na ce, "Likita, wallahi rabona da ganye wata 7. Me kuma ya rage in bari?" Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce, "Waye ya ce ki bar ganye gaba ɗaya?" Ya rubuta mini takarda zuwa wurin ma'aikaciyar da ke tsara wa masu ciwon ƙoda abinci.

Malamar abinci nake ce mata har yau. Ba ta ba ni wata takarda ba. Ta ce in koma gida in rubuta duk abin da ya shiga bakina na kwana 3, har ruwa, sannan in zubo mata duk wani gwangwani, kwalba da leda da nake girki da su a jaka in kawo. Na ga abin kamar wasa, amma na yi.

Ta riƙa ciro su ɗaya bayan ɗaya tana juya bayansu tana karantawa. Da ta zo kan kwalbar gishirina sai ta tsaya. Ta ce, "Mama, tun yaushe kike amfani da wannan?" Na ce ya kai shekara biyu, kuma da alfahari na faɗa, don gishiri ne na musamman, an rubuta a jikinsa cewa sodiyam ɗinsa, wato sinadarin gishiri da ke ɗaga hawan jini, kaɗan ne. Ɗana ne ya sayo mini saboda hawan jini. Ta juyo mini bayan kwalbar ta nuna mini ƙananan rubutu. Abin da aka cire na sodiyam, da gishirin fotasiyam aka maye gurbinsa. Ta ce akwai irinsa da kwatan ƙaramin cokali kaɗai ke ɗauke da fiye da miligiram 600. Ni kuwa tunda abincina ya zama salam babu ganye babu albasa, hannuna ya ƙara sakewa da shi. A asibiti an tambaye ni ko ina cin gishiri da yawa, na ce a'a, na rage. Ba ƙarya na yi ba, kuma ba wanda ya ce in kawo kwalbar.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kabejin da na yi wata 7 ina gudu, rabin kofinsa ɗanye bai kai miligiram 100 ba.

Ba gishirin kaɗai ba. A bayan ledar tsiran ta nuna mini wasu lambobi da ban taɓa kula da su ba: E326, E508. Sinadaran fotasiyam ne da masana'antu ke sawa don abinci ya daɗe ko don su rage sodiyam. Ta ce irin wannan hanji na zuƙe shi kusan gaba ɗaya, alhali wanda ke cikin ganye yana kulle ne a cikin ɓawon ƙwayoyin shuka, wani sashe nasa yana wucewa ba a zuƙe shi ba. Daga nan ta yi mini tambayar da nake gudu: sau nawa nake zagawa a mako? Na sunkuyar da kai na faɗa mata. Ta ce in ƙoda ta raunana, hanji ne ke ƙara ƙoƙari wajen fitar da fotasiyam, to ni na toshe wannan ƙofar da hannuna, don na cire duk wani abu mai harza daga abincina. Ta duba takardar gwajina ta nuna mini wani layi da ke nuna jinina ya ɗan yi tsami, abin da ke faruwa ga masu ciwon ƙoda. Tsamin jini yana koro fotasiyam daga cikin ƙwayoyin halitta zuwa jini, kayan lambu kuma suna daga cikin abin da ke rage tsamin.

Na zauna shiru ina lissafi. Duk abin da na yi don in tsira, kowanne ya ja ni baya.

Na tambaye ta, to me ya sa aka ba ni waccan takardar? Ta ce takardar ba ƙarya ta yi ba, abubuwan da ke hagu da gaske suna da fotasiyam mai yawa, sai dai takarda ba ta san girman cokalina ba, ba ta san yadda nake dafuwa ba. Ta ce an daɗe ana ba masu ciwon ƙoda irin wannan jeri, amma tunanin masana ya sauya. Ƙa'idojin da KDIGO, ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya, ta fitar a 2024 sun fi karkata ga a duba mutum da sakamakon jininsa, a fara da abincin masana'anta da sauran abubuwan da ke ɗaga fotasiyam, kafin a raba mutum da kayan lambu.

Daga nan karatu ya fara, kuma a nan ne malamar lissafi ta samu abin yi. Na sayi ɗan sikelin kicin da littafi.

Ma'aunin da ta ba ni mai sauƙi ne. Kaso guda na kayan lambu rabin kofi ne. In rabin kofin ya haura miligiram 200, ana lissafa shi a masu yawa. A rana ta ce in yi ƙoƙari kada jimillar ta wuce miligiram 2,000 zuwa 2,500, kuma ta jaddada cewa wannan nawa ne, ba na kowa ba. Don in gane nisan da ke tsakanina da mai lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babban mutum ya samu aƙalla miligiram 3,510 a rana, saboda yana taimakawa wajen sauke hawan jini. Wato duk shawarar da nake ji ta a yawaita ayaba da ganye gaskiya ce, kuma gishirin da ɗana ya sayo mini yana da amfani ga mai hawan jinin da ƙodarsa ke lafiya. Ni ce ba na cikin waɗanda ake yi wa maganar. Na sha gaya wa yaron haka, don ya daɗe yana ganin laifin kansa.

A shafin farko na littafina na rubuta abin da ke cikin giram 100 na ɗanyen kaya. Kokwamba da albasa wajen miligiram 150 na fotasiyam kowanne. Kabeji 170. Koren tattasai 175. Koren wake ya ɗan haura 200. Tumatir kusan 240. Karas 320. Dankalin turawa ya haura 400. Alayyahu ya haura 500. Amma da na fara aiki da lambobin sai na gane su kaɗai suna iya ruɗar mutum, kuma alayyahu ne ya koya mini. Cikin kofi guda na ɗanyen ganyensa bai fi giram 30 ba, wato abin da bai kai miligiram 200 ba. Amma duk mai girki ta san yadda alayyahu ke yi a wuta: a cika tukunya, ya koma ɗan tsiya a gindinta. Rabin kofi na dafaffe ganye ne mai yawa da ya taru wuri guda, yana kaiwa wajen 420. Haka tumatir. Yanka biyu ko uku a gefen faranti ba komai ba ne. Tumatirin gwangwani kuwa, da aka ƙone ruwansa ya yi kauri, giram 100 nasa ya kai wajen 1,000. Duk abin da aka busar, aka ƙafe ko aka markaɗa aka sha, fotasiyam ɗinsa ya taru. Kofin da nake sha da safe a da, ba zan iya tauna rabin abin da ke cikinsa a zama ɗaya ba, amma da yake markaɗe ne, a minti guda nake shanyewa.

Wani abu da na karanta daga baya ya ba ni dariya. Ashe sunan sinadarin ma daga tokar shuke-shuke ya samo asali, wadda ake jiƙawa a tukunya a tace, kuma daga irin wannan toka wani masani a Ingila, Humphry Davy, ya fara ware shi a 1807. Tun asali abu ne da ruwa ke wankowa daga shuka. Wannan ɗabi'a tasa ta narkewa a ruwa ita ce ta dawo mini da dankali.

Ga yadda nake yi. In fere dankalin tas. In yayyanka shi ƙanana, don iya ƙanƙantar yanka iya yawan wurin da ruwa zai shiga. Dankalin da aka dafa guda da ɓawonsa kusan bai rasa komai ba. In ɗauraye, in zuba a babbar tukunya da ruwa mai yawa, aƙalla ninki 5 na dankalin. In ya tafasa sosai na 'yan mintuna, in juye a kwando in zubar da ruwan, in sake sabon ruwa in dafa har ya nuna, in sake tsanewa. A haka kusan rabin fotasiyam ɗin kan tafi. Rabi na ce, ba duka ba, don haka ko bayan wannan wahala rabin kofi nake ci, ba cikin faranti ba. In ina son soyayye ko gasasshe, sai bayan na tafasa shi nake soyawa.

Da farko jiƙawa nake yi a ruwan sanyi in bar shi ya kwana, ina ganin na gama aiki. Malamar abinci ta ce jiƙo shi kaɗai ba ya cire abin kirki, zafin tafasa ne ke fasa ƙwayoyin ya saki abin da ke ciki. Turarawa ma ba ta cirewa, haka gashi, haka suya, haka tukunyar nan mai matse tururi, don duk babu ruwan da zai ɗauke shi a zubar. Wannan ya yi mini wuyar karɓa. Shekara da shekaru ina jin cewa turara ganye ya fi tafasa shi, don kada amfaninsa ya bi ruwa. Gaskiya ne, bitamin C da wasu daga cikin bitamin B suna bin ruwan. Asara ce, na sani, amma asarar da na zaɓa ce, kuma ina cike gurbin da ɗanyen kabeji, kokwamba da koren tattasai, waɗanda ba sai an tafasa su ba.

Kuskuren da na yi a watan farko har yanzu in na tuna sai in riƙe baki. Na tafasa karas da dankali yadda aka koya mini, na tsane su, sai na kalli ruwan nan mai launi da ƙamshi, zuciyata ta ƙi yarda in zubar. Hannun da ya saba tattali ba ya son ɓarna. Na juye shi a miya. Na yi haka ya kai sau biyar kafin na ambata wa Malamar abinci, ina ma yabon kaina. Ta dafe kai ta ce, "Mama, kin fitar da shi ta ƙofa kin dawo da shi ta taga." Dalilin ke nan da duk ganyen da aka dafa a cikin miya kai tsaye yana nan da fotasiyam ɗinsa, ya dai tashi daga ganyen ya koma romo. Yanzu nawa daban nake tafasawa in tsane, sannan in zuba a ɗan abin da zan ci. Na gwangwani ma, in ya kama, sai na tsiyaye ruwansa na ɗauraye.

Akwai kuma tarkon masu kaɗan. Da na ji kokwamba da kabeji ba su da yawa, sai na sake jiki, in cika babban kwano. To 150 sau huɗu 600 ne, ko a wane aji aka koyar.

Lisinopril kuwa na so in yi watsi da shi har abada. Likita ya ƙi. Ya ce maganin yana rage zubar furotin a fitsari, yana jinkirta lalacewar ƙoda, kuma ya gwammace mu gyara sauran abubuwan mu riƙe shi. Tun bayan kwanciyata an mayar da ni kansa a ƙaramin awo, kuma duk lokacin da aka taɓa awon sai an sake gwada jinina cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ya ƙara mini ƙwayar bakabonet don tsamin jini. Diclofenac da ibuprofen da danginsu na yi sallama da su. Gwiwa na nan tana ciwo, ina lallaɓa ta da abin da likita ya yarda da shi.

Mako 6 bayan na jefar da kwalbar gishirin na dawo da ganye, sakamako ya fito 4.8. Cikina ya saki, na fara mayar da jiki. Na yi sujada a ɗakina na gode wa Allah.

Sau ɗaya aka sake tayar mini da hankali. Gwaji ya fito 5.8 ba tare da na canza komai ba. Na kwana ina bin littafina layi-layi ina neman inda na yi laifi. Da na koma, likita ya tambaye ni yadda aka ɗebi jinin. Na ce an sha wuya kafin a samu jijiya, an ɗaure mini hannu ya daɗe, an sa na yi ta dunƙulewa ina buɗewa. Ya ce wannan kaɗai yana iya ɗaga lambar, haka in ƙwayoyin jini suka farfashe a kwalbar ko aka daɗe ba a kai shi ɗakin gwaji ba. Aka sake ɗiba a ranar a ɗaya hannun, ya fito 4.9. Amma ya gargaɗe ni kada in taɓa zama a gida in yanke wa kaina hukuncin cewa kuskuren gwaji ne. A sake gwadawa, a ranar.

A wurin jiran likita na saba da wata mata, ita tana mataki na 3. Ta ga littafina ta roƙe ni ta ɗauki hotonsa, na ba ta. Da muka sake haɗuwa ta ce likitanta ya hana ta bi, don nata fotasiyam ɗin bai taɓa hawa ba, hasali ma maganin sa fitsari da take sha yana jan nata ƙasa, har an ce ta ƙara ayaba. Ciwo ɗaya muke da shi da suna, amma abin da zai taimake ni zai iya kwantar da ita, don ƙarancinsa ma yana rikita zuciya. Tun daga ranar na daina ba da littafin. Wanda ya tambaye ni, in ce ya fara duba lambarsa a takardar gwaji, ya kuma kwashi kwalaben kicin ɗinsa ya kai wa masu aikin su karanta.

Yau shekara 3 da wancan kiran waya. Ma'aunin ƙodata yana 23. Tana sauka, amma a hankali, kuma likita ya riga ya fara yi mini bayanin wankin ƙoda don kada ya zo mini ba shiri. Ya ce in lokacin ya yi, lissafin abincin zai sake canzawa. Alhamdulillahi a kowane hali.

Alayyahu ne na ƙarshen dawowa. Na fi shekara ban iya taɓa shi ba, ko a kasuwa na gan shi sai gabana ya faɗi. Malamar abinci ce ta matsa mini. Ta ce in tafasa shi a ruwa mai yawa, in tsane, in matse, in ci cokali biyu, a ranar da ban ci dankali ko tumatir ba. Ranar da na yi, 'yata na tsaye a kaina. Da na juye tukunyar a kwando ta kai hannu za ta tari ruwan a kwano, wai za ta sa a nasu girkin. Na ce ta ɗauka, su ƙodarsu lafiya lau. Na auna cokali biyu na zuba a gefen shinkafata, na buɗe littafina na rubuta, sannan na zauna a tsakiyar mutanen gida na ci.